BABI NA UKU: MAKANTAR FUSKA DA ZAMAN YAU DA KULLUM A GUSAU DA TSAFE DA BUNGUƊU

3.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, shaida mutum tare da gaishe shi gwargwadon matsayinsa wani haƙƙi ne da ke kan kowa. Yaro shi ke fara gaida babba, suruki yana da irin tasa gaisuwar, malami da basarake su ma haka. Wannan tsari ya ginu ne a kan zaton cewa duk mai ido lafiyayye zai gane wanda ya sani da zarar ya dubi fuskarsa. To amma binciken masana ƙwaƙwalwa ya tabbatar da cewa akwai mutanen da idanunsu garau suke, hankalinsu cikakke, amma ba sa iya shaida mutum ta fuskarsa, ko da kuwa ɗan'uwansu ne na jini. A wannan babi an yi bayanin ma'anar wannan lalura da musabbabanta, sannan aka duba yadda take shafar mu'amalar mai ita a garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Abin da babin ke son nunawa shi ne, mafi yawan wahalar mai wannan lalura tana zuwa ne daga fassarar da jama'a ke yi wa kuskurensa, alhali kuwa a cikin al'adar gaisuwa ta Bahaushe akwai hanyoyin sauƙaƙa masa.

3.1 Ma'anar Makantar Fuska

Makantar fuska ita ce kasawar mutum wajen gane waɗanda ya sani ta hanyar duban fuskokinsu, ba tare da yana da ciwon ido ko taɓin hankali ba. Likitoci na kiran ta furosofagnosiya, kalmar da aka harhaɗa daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya mai nufin fuska, ɗaya kuma mai nufin rashin sani. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe mai suna Joachim Bodamer ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1947, bayan ya duba wasu majinyata, cikinsu har da wani saurayi ɗan shekara 24 wanda harsashi ya sama a kai. Saurayin ya kasa shaida danginsa da abokansa, har ma da fuskarsa a madubi, amma yana gane mutane idan suka yi magana. Kafin Bodamer an sha ba da rahoton irin wannan matsala, misali wanda Quaglino da Borelli suka bayar a ƙasar Italiya a shekarar 1867.

Yana da kyau a bambanta wannan lalura da wasu abubuwa masu kama da ita. Ta bambanta da yanar ido ko dundumi ko amosanin ido, domin mai ita yana iya karatu, yana zura zare a allura, yana ganin ido da hanci da baki sarai. Abin da ya gagare shi shi ne haɗa waɗannan sassa su zama fuskar wane. Haka kuma ta bambanta da mantuwar suna. Mai mantuwar suna ya san ya san mutum, sunan ne kawai ya kuɓuce masa, shi kuwa mai makantar fuska kallon baƙo yake yi wa mutumin, sai an faɗa masa suna sannan ya tuno komai game da shi.

Bruce da Young (1986) sun nuna cewa hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi wajen gane ko wane ne mai fuska daban take da wadda take bi wajen karanta fara'a ko fushi. Wannan ne ya sa da yawa daga masu lalurar suna iya gane cewa wanda ke gabansu dattijo ne, ko kuma ransa a ɓace yake, amma ba su san ko wane ne ba. Wato karin maganar nan da ke cewa "labarin zuciya a tambayi fuska" tana aiki a kansu, sai dai fuskar ba ta gaya musu mai ita.

3.2 Ire-irenta da Musabbabanta

Masana sun kasa makantar fuska gida biyu.

Kashi na farko shi ne wadda ke samun mutum daga baya, sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa. A shekarar 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta, ta amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka bayyana wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, cikin wani naɗi da ake kira fusifom, wanda yake motsawa sosai idan mutum ya ga fuska, musamman na ɓangaren dama. Idan wannan yanki ko hanyoyin da ke haɗa shi da sauran sassa suka lalace, gane fuska kan yi rauni ko ya ɓace. Abubuwan da ke haddasa haka sun haɗa da toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, da buguwa a kai, da ƙari, da kumburin ƙwaƙwalwa, da wasu cututtukan ruɗewa na tsufa. Biyu na farko ba baƙi ba ne a yankin da ake nazari, idan aka yi la'akari da hawan jini da kuma haɗurran babura da motoci a kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu ta nufi Sakkwato. Irin wannan kashi bai cika yawa ba, kuma mai shi yakan lura da sauyin nan take tun da a da yana gane mutane.

Kashi na biyu shi ne wadda mutum ke tasowa da ita tun yarinta ba tare da wani rauni ba. McConachie ce ta fara ba da rahotonta a shekarar 1976, game da wata yarinya 'yar shekara 12. Wannan kashi yakan bi jini, har a sami mutum biyu ko uku a gida ɗaya. Binciken da Wilmer da abokan aikinsa suka yi a kan tagwaye a shekarar 2010 ya nuna cewa gado yana da babban tasiri a kan ƙwarewar gane fuska. Mai wannan kashi yakan daɗe bai san yana da wata lalura ba, domin bai taɓa ɗanɗana yadda sauran mutane ke gani ba. Sau da yawa yakan yarda da abin da ake faɗa a kansa, cewa shi sakarai ne ko maras kula.

3.3 Yawan Masu Ita

A shekarar 2006 Kennerknecht da abokan aikinsa sun binciki ɗalibai 689 a ƙasar Jamus, suka sami 17 masu makantar fuska ta gado, wato kusan kashi 2.5 cikin 100. Irin wannan bincike a Hong Kong a shekarar 2008 ya sami kusan kashi 2 cikin 100. A shekarar 2023 DeGutis da abokan aikinsa a Amurka sun gwada mutum 3,341, suka sami 31 masu lalurar mai tsanani da 72 masu sassauƙa, jimilla kusan kashi 3 cikin 100. Lalurar ba ta zaɓen talaka ko jahili. Likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks, da masaniyar birai Jane Goodall, da mai zanen fuskoki Chuck Close, duk sun bayyana cewa suna da ita.

Bisa ga ƙidayar jama'a ta 2006, ƙaramar hukumar Gusau tana da mutum sama da 380,000, Tsafe sama da 260,000, Bunguɗu sama da 250,000, wato kusan 900,000 gaba ɗaya. Idan aka auna wannan adadi da kashi 2 cikin 100 na binciken ƙasashen waje, za a sami kusan mutum 18,000. Wannan ƙiyasi ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa a ajin makaranta mai ɗalibai 50 ba abin mamaki ba ne a sami yaro ɗaya.

3.4 Yanayin Zama a Garuruwan Uku

Gusau gari ne da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19. Ya bunƙasa da cinikin gyaɗa da auduga bayan zuwan jirgin ƙasa, sannan ya zama hedikwatar Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tun daga nan ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka ƙaru, daga baya kuma 'yan gudun hijira daga ƙauyuka. Tsafe da Bunguɗu kuwa garuruwa ne na sarauta da noma da kasuwa, inda mafi yawan mutane suka san juna tun kaka da kakanni.

Wannan bambanci yana da tasiri. A Tsafe ko Bunguɗu kusan kowa yana da wurinsa: liman yana masallaci, mahauci yana rumfarsa, dattijo yana kan dakalin ƙofar gidansa. Mai makantar fuska yakan gane mutum ta wurin da ya same shi, don haka lalurarsa na iya ɓoyuwa shekara da shekaru. Sai dai idan ya yi kuskure, laifin ya fi girma, tun da babu wanda zai yarda cewa bai waye maƙwabcinsa na shekara 20 ba. A Gusau kuwa, inda mutum zai kwana a Tudun Wada, ya yi aiki a Samaru, ya yi cefane a Sabon Gari, yawan haɗuwa da sanannu a inda ba a zata ba yana sa kuskuren ya yawaita, ko da yake cunkoso kan ba shi uzuri.

3.5 Fannonin Mu'amala da Lalurar ke Shafa

3.5.1 Gaisuwa da Zumunta

Nan ne lalurar ta fi yin ɓarna. A ɗauka wani magidanci ya haɗu da surukinsa a bakin tasha, ba a ƙofar gidan da ya saba ganinsa ba. Al'ada ta tanadi ya sauka daga babur, ya cire takalmi, ya rusuna ya ce, "Baba, barka da rana." Idan ya wuce shi, ko kuma ya miƙa masa hannu kamar tsaransa, ba za a ce bai gane shi ba, cewa za a yi ya raina shi, maganar kuma tana iya kaiwa ga matarsa da iyayenta. Haka abin yake ga kawu ko gwaggo ko tsohon malamin makarantar allo. Idan mutumin ya sami aiki ko kuɗi kwanan nan, fassarar ta riga ta samu: wane ya zama wani abu, ya daina ganin mutane.

Wani abin da ke ƙara tsanani shi ne tambayar nan da ake yawan yi bayan an daɗe ba a haɗu ba, wato "Ka waye ni kuwa?" Ga yawancin mutane wannan wasa ne, ga mai makantar fuska kuwa jarrabawa ce a bainar jama'a. Idan ya ce a'a ya ɓata wa ɗan'uwa rai, idan ya ce e za a ce ya faɗi suna. Bugu da ƙari, alkunya tana hana ambaton sunan miji da ɗan fari da surukai, don haka ana iya yin doguwar hira ba a furta sunan da zai warware masa duhu ba.

Yardley da abokan aikinta sun tattauna da mutum 25 masu wannan lalura a shekarar 2008, suka gano cewa tana jawo musu kunya da fargabar shiga taro da ƙaurace wa jama'a. A wurin da ake cewa "zumunta a ƙafa take", wanda ya rage zuwa suna da ta'aziyya don gudun kunya ya ƙara wa kansa wani laifin.

3.5.2 Sutura

Masu makantar fuska sun dogara ne a kan abin da ke kewaye da fuska, kamar gashi da kunne da siffar kai. A garuruwan nan uku hijabi shi ne suturar fita ta mafi yawan mata, musamman tun bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, kuma yana rufe duk waɗannan alamomi. Megreya da Bindemann (2009) sun gano cewa mutanen Misira, saboda sabo da ganin mata cikin lulluɓi, sun fi mutanen Birtaniya ƙwarewa wajen gane fuska ta ido da hanci da baki kaɗai. Ke nan sauran jama'a sun saba da hijabi, ba ya hana su gane kowa, amma mai lalurar an bar shi da sashen da ya fi gagarar sa. Abin ya fi tsanani a wurin biki, inda mata ke yin anko, su yi kwalliya iri ɗaya. Mace mai lalurar tana iya wuce uwar mijinta ko yayarta a tsakar gida. A wajen maza kuma, hula da rawani da amawali suna yin irin wannan aiki, haka ma fararen kaya a ranar Juma'a ko filin Idi. Sanya takunkumi a lokacin annobar korona a shekarar 2020 ya ɗanɗana wa kowa kaɗan daga cikin wannan hali.

3.5.3 Kasuwa da Makaranta

Cinikin karkara da na ƙananan 'yan tireda ya dogara ne a kan bashi na amana wanda ba a rubutawa. Mai shagon da ba ya shaida fuska yana iya bin wanda ba ya bi bashi, ya ƙyale wanda ya ci kayansa, ko ya yi wa tsohon abokin ciniki farashin baƙo. Malamin makaranta mai lalurar yana fuskantar yara masu inifom iri ɗaya, har ya hukunta wani da laifin wani. Yaro mai ita kuwa yakan kasa yin abokai, ya maƙale wa mutum ɗaya, ya ruɗe idan aka sauya masa wurin zama, a kuma ɗauke shi daƙiƙi alhali karatunsa lafiya lau.

3.5.4 Tsaro da Shaida

Tun wajen shekarar 2011 Jihar Zamfara ke fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, kuma yankunan Tsafe da Bunguɗu da Gusau suna cikin waɗanda abin ya shafa. A irin wannan hali, bambance ɗan gari da baƙo magana ce ta rai. Yaro mai makantar fuska yana iya bin wanda ya kira sunansa, babba kuma yana iya hawa babur ɗin wanda ya zaci maƙwabci ne. Ɗaya haɗarin shi ne na shaida. Wanda aka yi wa fashi ko aka sako daga daji za a iya neman ya nuna wanda ya gani, kuma kunyar cewa "ban shaida shi ba" tana iya sa ya nuna mai kama a tufafi ko tsawo. Bahaushe ya ce "kama da wane ba ta wane." Ko masu gani daidai suna kuskure: a Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 na fursunonin da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke, kuskuren shaidar gani da ido yana cikin abin da ya sa aka ɗaure su. Abin lura a nan shi ne, malaman mazhabar Malikiyya sun karɓi shaidar makaho a kan maganar da ya ji idan ya tabbatar da muryar. Saboda haka akwai madogara ga alƙali ko ɗan sanda ya tambayi mai shaida da me ya gane mutum, da fuska ko da murya.

3.6 Dabarun Masu Lalurar

Babbar dabara ita ce murya, sai tafiya da tsawo da ƙiba da gemu da wushirya da tabo da tabarau, har da lambar babur ko ƙarar injinsa. Tsagar gado, irin ta Zamfarawa da Gobirawa da Kabawa da Katsinawa, da ƙananan zane irin su bille, sun kasance alamomi masu amfani, duk da cewa sun fi nuna zuriya fiye da mutum ɗaya. Yanzu tsaga tana gushewa a tsakanin matasa, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro ita.

Tsarin gaisuwar Hausa kansa taimako ne. Sallama tana ba da murya kafin fuska. Jerin "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki" yana ba da lokacin saurare. Laƙabai irin su Malam da Alhaji da Hajiya da Baba da Inna sun dace da mutane da yawa ba tare da an faɗi suna ba. Wasu kan zaɓi gaida kowa da fara'a da girmamawa, domin wanda aka girmama fiye da matsayinsa ba ya ƙorafi. Wasu kuma kan fita da ɗa ko ƙane wanda zai raɗa musu, "Ga kawu nan tafe." Illar waɗannan dabaru ita ce suna gajiyar da mutum, kuma sauyin hula ko aske gemu ya isa ya rushe su.

3.7 Ganowa da Taimako

Likita kan fara ne da gwajin ido, sannan gwajin gane fuska. Wanda ya fi shahara shi ne Gwajin Tuna Fuska na Kambirij, wanda Duchaine da Nakayama suka fitar a 2006, inda ake koya wa mutum fuskoki 6 sannan a yi masa tambayoyi 72. Fuskokin ainihin gwajin na Turawa ne, kuma bincike ya tabbatar da cewa mutane sun fi gane fuskokin jinsin da suka saba da shi. Don haka gwada Bazamfare da shi na iya nuna lalura inda babu ita, sai an yi amfani da fuskokin da suka dace.

Wanda lalurar ta same shi farat ɗaya, musamman tare da ciwon kai ko raguwar gani ta gefe ɗaya ko bayan haɗari, yana bukatar asibiti da gaggawa, domin tana iya zama alamar matsalar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Jinkirin da ake yi ana danganta abin ga sammu ko iska yana iya jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Ita kuwa wadda aka taso da ita ba ta da maganin sha ko allura, horaswa ma ɗan sauƙi take kawowa. Taimakon da ya fi amfani yana hannun jama'a. Mai lalurar ya sanar da iyalinsa da surukansa da abokan aikinsa tun kafin a sami saɓani. Su kuma su riƙa haɗa sallama da suna, kamar a ce, "Salamu alaikum, Malam, ƙanen matarka ne daga Kwatarkwashi." Malamai su ba yara wurin zama na dindindin, su kira suna kafin tambaya. Ɗan kasuwa ya riƙe littafin bashi. Iyaye su koya wa yaro mai lalurar kada ya bi kowa sai ya tabbatar da murya ko wata kalma da aka shirya a gida.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa makantar fuska lalura ce ta ƙwaƙwalwa wadda masana suka sani tun ƙarni na 19, kuma bincike ya nuna tana samun kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100. An ga yadda take cin karo da gaisuwa da alkunya da sutura da cinikin amana da kuma halin tsaro a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. An kuma nuna cewa muddin jama'a ba su san da ita ba, za a ci gaba da fassara ta da girman kai ko raini ko daƙiƙanci, a ɓata zumunta a kan abin da mutum ba shi da iko a kansa. Idan malamai da limamai da ma'aikatan lafiya da alƙalai suka san sunanta da alamominta, wanda aka wuce ba a gaishe shi ba zai iya fara tambaya kafin ya yanke hukunci.